Kundin jinyar tsohuwar laftof

Asabar, 3 ga Fabrairu, 2024

Yau na daina yi wa laftof ɗin nan kara. Shekara biyar ke nan tana aiki, uku a hannun yayana, biyu a hannuna, kuma ba za a ce ta lalace ba: tana kunnuwa, tana aiki, ba ta taɓa cinye mini rubutu ba. Sai dai ta tara ƙananan cututtuka irin waɗanda kowacce ita kaɗai ba ta kai a nemi mai gyara ba, amma in sun haɗu sai su hana mutum sakat. Na saba da su har na koyi yi musu ladabi. Na san daidai inda zan tsayar da murfi don kada allo ya ɗauke, na san kusurwar da ake dannawa a tachfad, wato wurin da ake jan yatsa don motsa kibiya a allo, na san kafar USB da ba a saka mata abin da ake ji da shi. Jiya na zauna a gaban kwamfutar wani, sai na ga ina dukan harafin A kamar mun yi faɗa. A nan na san abin ya kai maƙura.

Na zauna na rubuta su a takarda yadda suka zo mini. Allo yana ɗaukewa in an motsa murfi. Kyamara takan ɓace, ta dawo don kanta. Tachfad ya yi tauri, kuma kibiya takan yi tsalle ba a taɓa ta ba. Fanka tana kuka kamar za ta tashi sama, ƙasan na'urar yana ƙona cinya. Sai maɓallin A, da kafar USB ta hagu, da wani ɗigo kore a saman allo ta dama, da wani siririn ƙara da ba a ji sai dare ya yi tsit. Takwas ke nan.

Doka ɗaya na kafa wa kaina: abu ɗaya a lokaci ɗaya. In na taɓa wani abu, sai in rufe, in kunna, in gwada, in rubuta abin da na gani, sannan in wuce gaba. In ba haka ba, ranar da wani abu ya gyaru ko ya ƙara dagulewa, ba zan san wane hannu ne ya yi aikin ba.

Yau dai ban kwance ko sukuru ɗaya ba. Na kwashe duk fayilolina zuwa wani faifai na waje, na sauke littafin gyara na wannan samfuri, na haɗa kayan aiki: ƙananan sukudireba masu kan kuros lamba 0 da 00, tsohon katin roba na ɓanɓare murfi, matsefata, buroshi mai laushi, sifirit na isofirofil mai kashi 99, maltimita don auna wuta, farar takarda da salatif.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Kafin a ɗauki sukudireba, sai an raba laifin ƙarfe da laifin manhaja. Na saka Linux, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a filash na tayar da na'urar da shi, ban taɓa Windows ɗin da ke ciki ba. Hikimar ita ce, duk cutar da ta biyo ni can, to a jikin na'urar take. Duk takwas ɗin sun biyo ni, babu wadda ta tsaya a baya.

Sai allo. Na jona laftof da talabijin ta HDMI, na yi ta buɗe murfi ina rufewa. Allon laftof ya ɗauke ya dawo, ya ɗauke ya dawo, hoton talabijin ko gezau. Ke nan ɓangaren da ke haɗa hoto a kan modabod, wato babban faifan lantarkin da komai ke jone a jikinsa, lafiyarsa lau, matsalar tana tsakanin modabod da allo. Na tsayar da murfin daidai inda allon yake yin baƙi, na kashe fitilar ɗaki, na haska tocilan a jikinsa ta gefe. Ga hoton nan dishi-dishi, har ina iya karanta agogo. Wannan gwaji ya fi duk na yau daɗi, don ya nuna hoto yana isowa, hasken baya ne kawai ke yankewa. Kuma na lura da wani abu da ban taɓa haɗawa ba a shekara biyu: daidai wurin da haske ke ɗaukewa, nan kusa kyamara take ɓacewa. A yawancin laftof, wayar allo da ta kyamara a dunƙule suke, ta cikin hinji ɗaya suke bi, wato gaɓar ƙarfen da murfi ke juyawa a kanta. Biyu daga cikin takwas ɗin nan, ina zaton uwarsu ɗaya.

Da na koma Windows sai na buga umarnin powercfg /batteryreport, wanda ke fitar da rahoton batir. Wat-awa 42 aka ƙera shi ya ɗauka, yanzu 22 da ɗan kai yake iya riƙewa. Wannan bai ba ni mamaki ba ga batir mai shekara biyar. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na ɗora laftof a kan tebur mai santsi, na danna kusurwa ɗaya, sai ta yi rawa kamar kujera mai gajeriyar ƙafa. Da can na ɗauka ɗaya daga cikin robobin ƙasanta ce ta faɗi. Na kifa ta, ga su nan huɗu cif. Ta gaba kuma, inda murfin ƙasa ya haɗu da na sama, akwai 'yar tsaga da farce zai shiga. Wani abu yana turowa daga ciki.

Daga yanzu ba za ta ƙara kwana a caji ba sai na buɗe ta.

Talata, 6 ga Fabrairu

Na bar cajin ya sauka ƙasa da kashi 25 kafin in kashe ta, domin batir mai ɗan caji ya fi sauƙin sha'ani in tsautsayi ya gitta. Sukuru goma ne a ƙasa, tsawonsu iri uku. Na zana hoton ƙasan laftof a takarda, kowane sukuru na fitar sai in manna shi da salatif a gurbinsa na zanen. Mutum zai ga kamar ɓata lokaci ne, har sai ranar da ya tura dogon sukuru a gajeren rami ya huda abin da ke bayansa. Na taɓa ƙarfen ƙafar tebur don in sauke lantarkin da jiki ke tarawa, na zura katin roba a tsagar nan na bi gefe a hankali. Ban yi nisa ba murfin ya ɓalle da kansa, kamar dama jira yake.

Allura ta tono garma. Batirin, wanda ya kamata ya kwanta shafal kamar littafi, ya kumbura ya zama matashin kai. Ɗakuna uku ne a cikinsa, na tsakiya ya fi tashi, kuma daidai ƙarƙashin tachfad yake zaune. Shi ne yake tokare tachfad daga ƙasa har ya rasa wurin da zai lotsa in an danna, shi ne kuma yake matsa shi har kibiya take tsalle. Wata nawa ina zagin tachfad, ashe ba a nan gizo ke saƙa ba.

Kumburin nan iska ce da ke taruwa a cikin jakar batirin lithiyom idan sinadarin ciki ya fara ruɓewa, kuma zafi da yawan zama a cike suna gaggauta shi. Ba a huda shi, ba a matse shi, ba a lanƙwasa shi, domin yana iya kamawa da wuta. Na zare mahaɗinsa ta hanyar riƙe robar kan, ban ja wayoyin ba, na kwance sukuru huɗu da ke riƙe da shi, na ɗaga shi da hannu biyu. Na rufe bakin mahaɗin da salatif, na saka shi a gwangwanin ƙarfe na ajiye nesa da rana da duk abin da ke ci da wuta, sai na kai shi inda ake karɓar matattun batura. Kwandon shara ba wurinsa ba ne.

Na kira yayana na ce, "Yaya, lokacin da take hannunka, kana cire ta daga caji kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, ai shekara uku ban san tana da batir ba. A tebur take, kullum a jone." Ni ma in za a bi gaskiya haka na ci gaba da yi mata, don haka ban ja zancen ba.

Na mayar da murfi ba batir, na kunna da caja kaɗai. Tachfad yana dannuwa ƙyas-ƙyas ta kowace kusurwa, kibiya ta natsu, tebur ya daina rawa. Ɗaya ta tafi. Na kwafi lambar da ke jikin batirin da ƙarfinsa, bolt 11.4, na yi odar sabo.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Wata sabuwa ta ɓullo. Da safe na jona caja na kunna, sai kusan kowane shafin intanet ya ƙi buɗewa, wai ba a amince da takardar shaidarsa ba. Na ɗan tsorata kafin idona ya kai kan agogo: na'urar ta koma shekarun baya. Takardun shaidar shafuka suna da ranar farawa da ranar ƙarewa, in agogon kwamfuta ya ɓata sai ta ga duk ba su inganta ba.

Akwai ɗan ƙaramin batir mai kamar kwabo a kan modabod, aikinsa riƙe agogo da saitin BIOS, wato 'yar manhajar da ke fara tayar da na'ura, idan babu wata wuta. Muddin babban batir yana nan, shi ke rufa masa asiri. Da na cire babban, sai asirin ya tonu. Na buɗe na auna shi: bolt 2.1, alhali 3 ya kamata. CR2032 ne, sunan ma awonsa ne, faɗin milimita 20, kaurin 3.2. Nawa a naɗe yake cikin baƙar roba da 'yar waya mai kai biyu, don haka irinsa zan nema mai waya a jiki. Ba zan kai ƙarfen dalma mai zafi jikin batir ba. Kafin ya iso, kullum da hannu zan saita agogo.

Lissafi ya koma takwas ke nan: an cire ɗaya, an ƙara ɗaya.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Ranar fanka. Kafin in buɗe, na auna zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da wata manhaja mai suna HWiNFO don in sami abin kwatance. Tana zaune ba aiki, digiri 62. Da na ɗora mata aiki mai nauyi na minti goma, ta kai 97, sai gudun firosesa ya faɗo. Haka aka ƙera su: yawancin firosesan laftof in sun doshi digiri 100 sukan rage gudu don kada su ƙone. Nauyin da nake ji tana yi in an daɗe ana aiki, daga nan yake.

Ta waje fankar tsaf take, har na fara tunanin aikin banza zan yi. Sai da na kwance ta na ɗaga, na ga abin da ke tsakaninta da siraran haƙarƙarin ƙarfen da iska ke fita ta cikinsu: ƙura da gashi da zaren tufafi sun saƙu sun zama bargo, na ɗauke shi da matsefata guda ɗaya bai tsinke ba. Fankar tana ta juyawa shekara da shekaru, iskar ba ta da hanyar fita. Na share haƙarƙarin da buroshi, na riƙe fukafukan fankar da yatsa sannan na hura mata iska, domin in aka bar ta ta yi ta wulwulawa da ƙarfin iska, gindinta yana iya lalacewa.

Na rufe, na maimaita gwajin ɗazu. Digiri 86, kuma gudu bai faɗi ba.

Sannan na sake buɗewa don man firosesa, wato man da ake shafawa tsakanin firosesa da bututun da ke kwashe masa zafi. Sukuru huɗu ne ke danne bututun jan ƙarfe a kan firosesa, da lamba a gefen kowanne, da bin lambar ake kwancewa da ɗaurewa don nauyi ya sauka daidai. Tsohon man ya bushe ya zama kamar alli. Na goge shi da sifirit a hankali, don firosesan laftof tsirara yake, ba shi da hular ƙarfe irin ta na babbar kwamfuta. Na ɗiga sabo kamar kan ashana, na mayar da bututun ba tare da na lanƙwasa shi ba. Bututun nan rufaffe ne, da ɗan ruwa a ciki wanda ke tafasa ya kai zafi wurin fanka ya dawo, in ya karye ya tashi aiki.

Gwaji na uku: 79. Share ƙura ya rage 11, sabon mai ya rage 7. Ana yawan zuzuta canjin mai kamar shi ne komai, amma a tawa na'urar bargon ƙurar nan ne babban mai laifi, kuma cire shi ba ya bukatar taɓa firosesa ko kaɗan. Da na yi su a haɗe, da man zan ba duk ladan.

Talata, 13 ga Fabrairu

Maɓallin A bai ba ni wahala ba. Tunda shi kaɗai ne ke gardama, na san ba wayar kibod ba ce, don in ita ce, maɓallai da yawa ne za su mutu tare. Na ɗaga hularsa da farce a hankali. A ƙarƙashi akwai 'yar roba mai kamar almakashi da ɗan kumburin roba a tsakiya, ga gashi ya naɗe ƙafar almakashin, ga tsakuwa ƙanƙanuwa a gefe. Na cire, na goge da sifirit, na danna hular ta koma da ɗan ƙara. Mai rubutu da Hausa ba abin da zai yi ba tare da A ba, ko layi ɗaya ba ya ƙarewa sai ya taɓa shi sau goma. Yatsana dai har yanzu bai sami labarin an gyara ba.

Kafar USB kuwa ta fi ƙarfina. Na share cikinta, na kashe saitin da ke sa Windows ya kwantar da kafofin USB don tsimin wuta, duk a banza. In na ɗan taɓa filash sama ko ƙasa sai ya yanke. Da na duba ta ciki da gilashin ƙara girma, dalmar da ta riƙe ƙafafunta biyu a kan modabod ta tsage. Likin dalma ne maganinta, kuma hannuna bai faɗa ba a kan ƙafafu ƙanana haka. Na bar ta tukuna.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Yau ce ranar da nake ta ɗagawa. Hinji.

Da na cire murfin ƙasa na mai da hankali kan kusurwar hagu ta baya, na buɗe allo a hankali ina kallo. Maimakon hinjin ya juya shi kaɗai, sai na ga duk kusurwar tana ɗagawa tare da shi. Sukuru uku ne ke riƙe da shi, kowanne yana shiga wani ɗan zoben tagulla mai zare wanda aka dasa a cikin roba. Biyu daga cikin zobban sun tumɓuke, robar da ke kewaye da su ta farfashe, ɗaya ne kawai yake ɗauke da nauyin. Wayar allo kuwa ta nan take bi, a naɗe da baƙin ƙyalle. Duk buɗewa da rufewa, ƙarfen hinjin da ya saki yana cizon ta.

Sai na ga yadda abin ya faro. Hinjin ne ya fara tauri, tsohon maikonsa ya bushe ya haɗu da ƙura. Da na gwada juya shi da yatsu bayan na raba allo da gangar jiki, ko motsi bai yi ba, sai da na sa filaya. Ƙarfe mai taurin nan a ɗaure a jikin roba, dole roba ce za ta sallama. Ga kuma halina na ɗaga murfi ta kusurwa ɗaya da hannu ɗaya, wanda ke tara duk ƙarfin a gefe guda. Tauri ya karya roba, roba ta saki hinji, hinji ya ci waya, waya ta ɗauke haske da kyamara. In na canja waya kawai na bar hinjin yadda yake, sabuwar ma haka zai cinye ta.

Raba allon ya sa na zare mahaɗin wayar allo, da wayoyin eriya guda biyu, baƙa da fara, da ke kan katin Wi-Fi. Abin kiyayewa a nan: ba a zare ko jona wayar allo alhali akwai wuta a na'urar. Ƙafafun da ke kai wutar hasken baya suna maƙwabtaka da masu kai hoto, in mahaɗin ya ɗan karkace suka haɗu, fis ɗin haske yana iya ƙonewa, a garin neman gira a rasa ido. Ba batir a ciki, na cire caja, na danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 don sauran wutar ta zube.

A ƙarshen sandar hinjin akwai ɗan noti da ke saita taurinsa. Na sassauta shi kwatan juyi, na ɗiga maiko kaɗan, na yi ta juyawa har ya zama yatsu suna iya motsa shi amma bai yi lakwas ba. Na yi wa na dama haka don su daidaita. Zobban tagulla biyun na goge su da sifirit, na kankare gurbinsu, na mayar da su da gam mai haɗi biyu. Dabarar da ta taimake ni: na shafa wa sukuru ɗan maiko na ɗaura shi a cikin zoben kafin in zuba gam, don kada gam ya cika zaren. An rubuta yana kamawa cikin minti biyar, amma ƙarfinsa na gaske sai ya kwana. Ba zan taɓa shi ba sai gobe war haka.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Gam ya kama kamar dutse. Na haɗa komai. Murfi yanzu da yatsa ɗaya yake buɗuwa, kusurwar hagu ba ta ɗagawa. Ɗaukewar haske ta ragu sosai amma ba ta tafi ba, in murfi ya wuce tsakiya zuwa baya sai ya ƙyafta. Wayar ta riga ta ji ciwo a ciki. Na ɓanɓare firam ɗin allo, na karanta lambar da ke manne a jikin wayar da wadda ke bayan allon. Mahaɗin mai ƙafa 30 ne. Akwai masu 40, kuma a hoto kamarsu ɗaya, don haka da lamba na yi oda, ban yarda da ido ba.

Tunda ina zaune, sai na ce bari in sabunta manhajar katin Wi-Fi da ta daɗe tana jira. Na yi, na kashe, na kwanta.

Talata, 20 ga Fabrairu

Na karya dokata, na kuma sha hukunci.

Jiya Wi-Fi ya zama abin tausayi. A ɗakin da nake samun sanda huɗu, ɗaya nake gani, layin 5 GHz, wato layin Wi-Fi mai sauri, ma ya ɓace gaba ɗaya sai na je gindin rauta, akwatin da ke raba Wi-Fi ɗin. Da yake abu na ƙarshe da na taɓa shi ne manhaja, ita na kama. Na mayar da tsohuwar, ba canji. Na goge, na sake sakawa. Na kashe rauta na kunna har sau uku, na canja mata wuri, na fara zargin ko ita ce ta zo ƙarshe, alhali wayata tana kusa da ni tana jan intanet lafiya lau. Dare guda ya tafi a haka.

Yau da safe na yi abin da ya kamata in fara da shi: na tayar da Linux daga filash. Rauni iri ɗaya. Na buga umarnin netsh wlan show interfaces bayan na koma Windows, ƙarfin sigina kashi 31. Na buɗe murfi. Farar wayar eriya tana kwance a kan gurbinta kamar ta shiga, amma ba ta shiga ba. Kawunan nan kamar maɓallin riga suke, sai an daidaita su tsaf a danna a ji ɗan ƙas. Ranar Lahadi na danna ne kawai na wuce. Na saita ta da matsefata, na danna da bayan katin roba, na ji ƙarar. Kashi 88.

Da ban haɗa aikin hinji da sabunta manhaja a rana ɗaya ba, da minti biyar ya ishe ni.

Talata, 27 ga Fabrairu

Kaya sun iso duka uku. Ƙaramin batirin agogo na fara sakawa, kuma da gangan, don ba a iya gwada shi da kyau in babban batir yana ciki. Na saita agogo a BIOS, na kashe, na cire caja na bar ta awa biyu. Da na kunna, lokaci daidai.

Sannan babban batir. Na ɗora shi a kan tebur na duba shafal yake, lamba da bolt sun dace da na tsohon. Ya zauna a gurbinsa, tachfad bai canja ba. Rahoto ya nuna yana ɗaukar kusan abin da aka rubuta a jikinsa. A cikin BIOS na tarar da saitin da ke tsayar da caji a kashi 80, wanda ban taɓa sanin yana nan ba. Na kunna shi, tunda na san halina, a tebur za ta ci gaba da wuni.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Wayar allo. Na zare batir tukuna, sabo ne ko ba sabo ba. Kafin in cire tsohuwar waya na ɗauki hoton hanyar da ta bi, kowane lungu da kowane ɗan ƙugiya, don in sabuwar ta kauce ko kaɗan murfi zai danne ta. Mahaɗin da ke bayan allo siriri ne ƙwarai, salatif ne ke riƙe da shi, a miƙe ake zare shi ba a ɗagawa sama. Na jona sabuwar, na bi da ita ta cikin hinji na bar mata ɗan sarari don ta sami wurin lanƙwasa, na jona reshen kyamara. Wayoyin eriya kuwa sau biyu na duba su.

Na buɗe murfi na rufe sau hamsin ina ƙirgawa, kyamara a kunne ina kallon fuskata. Haske bai ƙyafta ba, fuskar ba ta ɓace ba.

Don in huce haushi, na warware baƙin ƙyallen tsohuwar wayar daidai inda ta bi ta hinji. Siraran wayoyi ne kamar gashi. Biyu sun tsinke, bawonsu ne kawai ya riƙe su baki da baki, shi ya sa suke haɗuwa a wata kusurwa su rabu a wata. Ta uku ta kusa.

Asabar, 9 ga Maris

Kwana goma ina aiki da ita ba abin da ya dawo. Zafi bai wuce 80 ba, fanka sai an kasa kunne.

Ɗigon kore yana nan. Allon 1920 sau 1080 ne, ɗigo 2,073,600 ke nan, kowanne da 'ya'ya uku, ja da kore da shuɗi. Nawa ɗan koren ne ya maƙale a kunne, shi ya sa ya fi fitowa a kan baƙi, a kan fari kuma ba a ganinsa. Na kunna masa hoton launuka masu walƙiya na awa biyu, bai motsa ba. Wasu sukan danna wurin da ƙyalle, ni kam ban yi wa allon nan hidimar wata guda don in fasa shi saboda ɗigo ɗaya ba. Na canja hoton fuskar kwamfuta zuwa mai haske.

Siririn ƙaran ma na gano shi. Na tsayar da fanka da yatsa na daƙiƙa biyu, bai daina ba, na kashe sifika, bai daina ba. Yana canja murya in ina jan shafi sama da ƙasa. Ƙananan naɗin waya ne da ke daidaita wuta a kan modabod suke karkarwa, kuma ba ya cutar da komai. Shi ma na ƙyale shi.

Kafar USB ta hagu na toshe ta da ɗan murfin roba don kada in manta in saka mata filash ana tsakiyar kwafi. Biyu na dama sun ishe ni kafin in sami mai hannun dalma. Tsohon batir na kai shi wurin karɓar matattun kayan lantarki ranar Alhamis.

Na sa alama a 6 ga Afrilu: in buɗe in ga ko gam ɗin zobban hinji yana nan daram, in sake fitar da rahoton batir, in leƙa bayan fanka.